Ruwan Tiga Da Ikon Allah

Mu da mu ke koyon aikin malanta a nan Kumbotso, akwai wata tambaya da ke jiranmu a aji, gara mu shirya mata tun yanzu. Da asuba yaro ya ji a makarantar allo Allah ne ke saukar da ruwa. Da hantsi mu kuma mu gaya masa rana ce ke ɗaga tururi daga teku, iskar kudu maso yamma ta koro gizagizai zuwa ƙasarmu. In yaron daga Kura ya ke ko Bunkure abin ya fi haka, gama ya ga ubansa na yankan alkama a tsakiyar rani, ba ko ɗigon ruwan sama. Sai ya ce, "Malam, to, wane ne mai ruwan?" In muka yi inda-inda ya kai labari gida, uban ya ce boko na ɓata masa ɗa, ya cire shi.

Amsar kuwa tana cikin littattafan da muka karanta a zaure. Shehu Sanusi na Tilimsana, wanda ya rasu a 1490, ya tara sifofi ashirin da suka wajaba ga Allah cikin Ummul Barahina. Uku daga ciki su ne maganarmu: ilmi, da irada, watau nufi, da ƙudura, watau iko. Ya san abu tun bai kasance ba, Ya nufe shi da lokacinsa da gwargwadonsa, sa'an nan Ya samar da shi. Malaman tauhidi kuma suka ce haɗuwar wuta da ƙuna, ko abinci da ƙoshi, hukunci ne na al'ada. Allah ne Ya halicci sababin, Shi ne Ya halicci abin da ke biyo bayansa, Ya gudanar da su tare har muka saba. Ashe labarin ƙasa da mu ke koyarwa, karatun wannan al'adar ne.

To, mu dubi Tiga. A zamanin Gwamna Audu Bako aka datse Kogin Kano, aka gama a 1974, daidai lokacin da fari ya gallabi ƙasashen Arewa. Daga can ruwa ke gangarowa ta babbar hanyar da aka haƙa masa, ba inji, har Kadawa da Kura da Bunkure, inda a da sai mai fadama ke ban ruwa da jigo. Lalle aiki ne na a yaba, kuma wanda ya zauna ya ƙi yashe lambatun gonarsa yana cewa ya dogara ga Allah, bai fahimci darasin ba. Amma fa injiniyoyi ba su ƙagi ko cikin moɗa na ruwa ba. Abin da damina ta zubar shi suka tare, gangaren ƙasa kuwa tarar da shi suka yi. Saninsu ma yana da iyaka. Canjin tafiyar kogi ya sa ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa a wajen Haɗejiya da Nguru, abin da ba wanda ya nufa, madatsar Bagauda kuma ta ɓalle a 1988. Ilmin bawa yana ƙaruwa ne bayan ya ga abu ya auku, na Ubangiji kuwa ba ya ƙaruwa, don ba abin da ya taɓa ɓuya gare Shi.

Saura magana ɗaya da ya kamata mu yi hankali da ita. Mukan ce wa yara Allah Yana ko'ina, su kuwa sai su zaci kamar iska ce da ta cika ɗaki. Littafin Risala na Ibn Abi Zaidi ya bayyana cewa da saninSa ne Ya ke a kowane wuri. Wuri halitta ne, ba ya ƙunsar Mahaliccinsa. In yaro ya nemi misali, ga shi nan kusa da gida: manomin da gonarsa ke bakin ruwa, ya fita da tsakar dare ya toshe wa na ƙarshen layi rabonsa. Mai gadi bai gan shi ba, maƙwabci bai gan shi ba, amma an ji ƙarar fartanyarsa, an kuma san yawan tumatirin da ya bushe a gonar ɗan'uwansa.