Fina-finanmu Da Suka Kwana Cikin Gwangwani

Dattawa a cikinmu ba su manta da motar majigi ba. Da la'asar za ta iso ƙofar gidan sarki, a kafa farin ƙyalle, a tada inji. Kafin magariba ta wuce fili ya cika, yara a gaba a ƙasa, mata a gefe da goyo. A irin wannan taro ne mutane da dama suka ga Baban Larai, wasan da aka shirya don koya wa manoma gyaran noma. Yau kuwa majigin yana cikin aljihun kowane yaro. Da Indiya da Amurka da Koriya duk suna shigowa ɗakinmu ta waya, ba sallama. Amma a tambayi 'ya'yanmu sunan fim ɗaya da kakanninsu suka yi, sai a ji shiru. Ga uku daga cikin irin waɗannan, waɗanda muke ganin ba a ba su girman da ya kamace su ba.

Uwa mai neman ɗanta

Na fari shi ne Shaihu Umar. Littafin dai sananne ne ga duk wanda ya yi karatun Hausa a makaranta. Malam Abubakar Tafawa Balewa ne ya rubuta shi domin gasar da aka shirya a Zariya a 1933, tun yana malamin makaranta, shekaru da yawa kafin ya zama Firayim Minista. A 1976 Adamu Halilu ya mai da labarin fim, da harshen Hausa, tsawonsa ya fi awa biyu.

Labarin yaro ne maraya daga Kagara. An sace shi yana ƙarami, ya bi hannu-hannu har wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi kamar ɗansa, ya ƙetare hamada da shi. Can ya yi karatu har ya zama babban malami. Amma abin da ya fi taɓa zuciya shi ne mahaifiyarsa. Ta bar gida ta shiga duniya nemansa, aka yaudare ta, aka sayar da ita baiwa. Bayan shekaru na wahala ta yi ido biyu da ɗanta a arewacin Afirka, ba ta daɗe ba ta rasu. Kowace uwa da ta taɓa neman ɗanta a kasuwa ko da na minti biyar ne za ta gane abin da ke cikin zuciyar matar nan. Fim ɗin kuma bai ɓoye mana cewa cinikin bayi ya gudana a ƙasarmu ba, da hannun mutanenmu a ciki. Tarihi ne mai ɗaci, amma gara yaro ya ji shi a gida.

To, ina fim ɗin ya shiga? Shekaru da yawa ana zaton ya ɓace ke nan. Sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a cikin ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Wata cibiya a Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, ta juye shi a na'urar zamani, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Ashe Jamusawa sun zauna sun kalli Shaihu Umar, alhali yawancin matasan Kano da Kaduna da Jos ba su ma san akwai shi ba.

Sojan da ya dawo da kuɗi

Mu ƙetara iyaka zuwa Nijar. An haifi Umaru Ganda a Yamai a 1935. Yana saurayi ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indochina. Da ya dawo ya rasa aiki, ya tafi Abijan yana dako a bakin tashar jiragen ruwa. A can ya haɗu da Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya sa shi cikin fim ɗinsa na 1958. Daga nan Ganda ya koyi sana'ar.

Fim ɗinsa Cabascabo, wanda aka nuna a Cannes a 1969, kusan labarin kansa ne. Soja ya dawo gida aljihu cike. Nan da nan abokai da maroƙa da 'yan mata suka yi masa caa, kowa yana kirari. Da kuɗi suka ƙare, sai aka watse aka bar shi. Ƙarshenta ya ɗauki hanyar ƙauye don ya koma gona. Hausawa sun ce mai abu shi ke da abokai. Wane gida ne cikinmu ba shi da ɗan da ya je ci-rani ko ya karɓi kuɗin sallama daga aiki, ya ga irin wannan?

Wani fim ɗin nasa, Le Wazzou Polygame, a kan wani alhaji ne da ya auri yarinya ta uku ba da son ranta ba, da irin masifar da kishi ya jawo a gidan. Shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1981. Akwai cibiyar al'adu da sunansa a Yamai, amma a wannan gefen iyaka da wuya a sami wanda ya ga aikinsa.

Kaboyi a ƙauye

Na uku shi ne wanda muke so iyaye su fi lura da shi. A 1966 Mustafa Alasan, shi ma ɗan Nijar, ya yi wani gajeren fim, Le Retour d'un Aventurier, wato dawowar ɗan yawon duniya. Wani saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, malafa da takalma da bindigogi, ya raba wa abokansa. Sai suka sake sunaye, suka hau dawakai, suka shiga kwaikwayon abin da suke gani a silima: caca, dambe, sata, raina dattawa. Abin ya fara kamar wasa, ya ƙare da zub da jini. Mai kallo zai yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki.

Shekara fiye da hamsin ke nan, mutumin nan ya riga ya hango abin da ke damunmu yau. Yaro abin da ya gani shi yake zama. Alasan ya daɗe a Tawa yana aiki, har da zanen hotuna masu motsi, ya rasu a 2015.

Me ya sa aka manta da su?

Dalilan a fili suke. Masu gidajen silima na birane sun fi samun riba da fina-finan Indiya da na Sin da na Amurka, don haka namu ba su sami allo sosai ba. Ɗaukar fim a kan faifan silima yana cin kuɗi, kuma da darajar naira ta faɗi daga 1986 sai abin ya gagara. A 1990 aka yi Turmin Danya a Kano, zamanin kaset ya shigo, tsofaffin injuna suka zama tarkace. Shi kuma faifan ba ya son zafi da laima. In aka bar shi cikin gwangwani a ɗaki mai zafi, sai ya fara warin tsami, ya yamutse, ya manne. Wanda ya lalace haka ya tafi ke nan, da fuskokin mutanen da ke cikinsa, da tufafinsu, da irin Hausar da suke yi.

Da yawa cikinmu an hana mu zuwa gidan silima muna yara, kuma iyayenmu suna da hujjarsu. Amma yanzu silimar ce ta biyo mu gida, rufe ƙofa ba ya hana ta shiga. Abin da ya rage shi ne zaɓe. Matasanmu sun iya bincike a intanet, sai mu ba su sunayen nan su nemo abin da za su iya samu. Malaman makaranta da ke koyar da littafin Shaihu Umar su tambayi hukumar fina-finai a Jos yadda ɗalibansu za su ga fim ɗin, gama in ba a tambaya ba, zai koma cikin ma'ajiya. In kuwa an samu, kada a bar yara su kalla su kaɗai. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan tuwon dare, a kira kaka ta zauna kusa. In an gama, a tambaye ta ko haka abin yake a zamaninsu. Sai an yi da gaske kafin a tashi a kwanta.