Ramin Gafiya Ba Nata Ba Ne Ita Kaɗai

A ƙasar Gumel, tun daga Ɗanzomo har ƙauyukan Maigatari da Gagarawa, manomi yana da abokan gaba da ba sa jiran damina ta kankama. Ruwan shuka na sauka a binne gero, kafin gari ya waye ɓerayen jeji sun bi layi sun tone irin. Kurege na dakon gyaɗa, gafiya na dakon rumbu, jan baki kuwa sai gero ya fara ƙosawa yake sauka. Idan ɓarnar ta ishi mutane, sai ka ga samari sun haɗa kai, wani lokaci da kiran mai unguwa, wani lokaci don raɗin kansu, sun ɗauki tarko da fartanya da tocila sun nufi gonakin nesa. Ba mai biyan su ko kwabo. Aikin gayya ne, akwai lada a cikinsa. Sai dai babu aikin da ake fita da ƙarancin shiri kamarsa, domin kowa gani yake ai ɓera ne kawai.

Babban haɗarin yana cikin ramin da ake haƙa. Maciji ɓera yake ci, saboda haka duk inda ɓera ya yawaita to maciji na kusa, kuma sau da yawa idan ya cinye mai gida sai ya gaje gidan. Yaron da ya haƙa ramin gafiya ya gaji, ya ga saura kaɗan, ya zura hannu don ya jawo wutsiya, bai san wanda zai gaisa da shi ba. Hannu ba ya shiga rami, ko da an ga shigar gafiyar da ido. Sanda ke shiga, fartanya ke buɗewa. Haka nan tarin kara da gindin shuri da ƙarƙashin damin da ya kwana a gona, a fara ɗaga su da sanda.

Macizan da aka fi fama da su a wannan yanki sanannu ne: kububuwa da kasa da gamsheƙa. Kasa ba ta gudu, kwanciya take a kan hanya har a taka ta. Gamsheƙa na iya feso dafi a ido daga nesa, maganin farko kuwa shi ne a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa nan take. Amma wadda ta fi kashe mutane a arewacin Nijeriya ita ce kububuwa, duk da ƙanƙantarta, kuma yadda take kisan ne ya kamata kowane mai shiga jeji ya sani. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Wanda ta sara yana iya tashi ya taka da ƙafarsa ya koma gida, ya ci tuwo, ya yi hira, wurin ya ɗan kumbura kawai. Sai washegari ko bayan kwana biyu a ga jini a dasashi, a fitsari, ko wani tsohon miki ya ɓalle. A wannan tazarar ne ake asarar rayuka, domin a cikinta ake cewa ai da sauƙi, ai an sha magani, ai an cire haƙorin. Likitoci suna da gwaji mai sauƙi: a ɗebi jini kaɗan a zuba a kwalba mai tsabta, a jira minti 20, in bai daskare ba to dafi ya shiga jiki, sai allurar kashe dafi. Irin waɗannan allurai, kamar EchiTAb, an yi su ne musamman domin macizan ƙasar nan, kuma asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya yi suna wajen aiki da su. Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano ya daɗe yana bincike a kan wannan matsala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duk shekara, kuma a 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Abin da aka saba yi a jeji idan an sari mutum, yawancinsa ƙara ciwo yake yi. Ɗaure ƙafa tamau da roba ko igiya na iya kashe naman har a kai ga yanke ta. Tsaga wurin da reza, ga wanda jininsa ya daina daskarewa, buɗe masa ƙofar zubar jini ne. Tsotsa ba ta fitar da komai, baƙin dutsen da ake mannawa ma haka. Abin yi shi ne a kwantar wa mutum da hankali, a cire zobe ko agogo kafin kumburi, a ɗaura wa gaɓar kara kamar yadda ake yi wa karaya don kada ta riƙa motsi, a ɗora shi a babur da mai riƙe shi a baya, a nufi asibiti. Kada a ba shi asfirin ko makamantansa, suna ƙara zubar jini. Kada kuma a tsaya neman macijin, nan ne ake samun sara na biyu. Ina girmama masu maganin gargajiya, da yawansu mutanen kirki ne masu taimako, amma ba a gidansu ake jinyar saran kububuwa ba.

Daga maciji sai guba, wadda mu da kanmu muke sayowa a kasuwa. Idan tarko ya gaza, hannu kan kai ga maganin ɓera a gauraya da tsaba, ko a jefa ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake a cikin rami. Wannan ƙwaya da zarar ta ji danshi sai ta saki iska mai kisa, kuma har yau babu makarinta. Wanda ya durƙusa yana leƙen ramin da aka jefa ta yana shaƙar ajalinsa. Su kuma magungunan feshi irin su Sniper, waɗanda hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensu a kasuwa a 2019, ta fata ma suna shiga. Alamominsu dalalar miyau da gumi da amai da ƙanƙancewar ƙwayar ido. A cire wa mutum kayan jikinsa, a wanke shi da sabulu, a tafi asibiti tare da kwalbar don likita ya gani. Ɗura manja ko madara ɓata lokaci ne, kuma yana iya sarƙe wanda hankalinsa ya fara gushewa. Dabbar da guba ta kashe ba ta shiga tukunya, ba a kuma jefa wa kare, binne ta ake yi da zurfi. Haka jan bakin da ya faɗo bayan an yi feshi da jirgin sama, kamar yadda akan yi a matsugunansa na fadamar Haɗejiya, da farar da aka tsinta a gonar da aka fesa. Arahar naman nan ba ta kai kuɗin gadon asibiti ba.

Shi kansa ɓeran yana da nasa. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, wani ɓera mai yawan nonuwa ne ke ɗauke da shi a fitsarinsa da kashinsa da jininsa, kuma ya fi yaɗuwa da rani. A ido ba ka rarrabe mai cutar da marar ita. Don haka a ɗauki mataccen ɓera da leda a hannu ko da shebur, kada a feɗe shi, a wanke tarkon, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa guzuri. Duk wanda ya yi wannan aiki, sannan cikin mako uku ya kamu da zazzaɓin da maganin maleriya bai saukar ba, ya faɗa wa likita ƙarara cewa ya yi hulɗa da ɓera. Maganin cutar ya fi aiki idan an fara da wuri. Lambar kyauta ta hukumar NCDC ita ce 6232.

Sauran abubuwan kowa ya san su, sakaci ne kawai. Hayaƙin da ake turawa rami a lokacin hunturu, iska na kaɗawa sai ya zama gobarar da za ta cinye harawa da damman mutane. Ranar bazara a nan tana wuce digiri 40, wanda ya fita da gora ɗaya ya cuci kansa, gara a fita da asuba a dawo kafin hantsi ya yi zafi. Silifa ba takalmin jeji ba ne. Tarkon ƙarfe mai tsatsa in ya datse yatsa, a je a karɓi allurar tetanus. Tarko kuma ba ya tantance ƙafar kurege da ta ɗan akuya ko ta yaro mai kiwo, saboda haka a nisanta shi daga burtali, a sa masa alama, a sanar da makiyayan da ke kusa. Gaisuwa ɗaya a ruga tana hana rigimar da za ta kai gaban hakimi. Mutanen bakin iyaka ta wajen Maigatari su tuna cewa jejin haɗe yake da na Nijar, ga kuma 'yan sintiri da ke iya ganin hasken tocila da dare su yi zaton ɓarayin shanu ne. A sanar da su kafin a fita.

Kira na ga dagatai da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin matasa na masarautar Gumel shi ne, tunda ku ke kiran gayyar, ku ɗauki nauyin tsara ta. Kada a bar kowa ya tafi shi kaɗai, kada a tafi da ƙananan yara. A san sunan duk wanda ya fita da gonar da ya nufa da lokacin dawowarsa. A ajiye babur ɗaya da mai a tankinsa, da waya mai caji. Kafin ranar fita, a tura mutum Babban Asibitin Gumel ko asibitin da ya fi kusa ya tambayo inda ake samun allurar dafin maciji, don kada a fara wannan tambaya da tsakar dare ana riƙe da mara lafiya.