Gayyar Malamai: Yadda Makarantun Maƙwabta Ke Haɗa Kai Don Yara Su Iya Karatu

  Gaisuwa ta musamman ga matan Damaga da kewaye, da sauran 'yan uwa na ƙasar Maradun, da Bakura, da Talatar Mafara, domin zancen namu na yau a ƙofar gidanku zai tsaya. Uwargida, in kina tsakiyar aiki ne, rage wutar murhu ki matso da rediyon kusa.

Akwai kukan da iyaye mata suka daɗe suna yi. Yarinya ta shekara huɗu tana zuwa firamare, an ɗinka mata kayan makaranta, an haƙura da aikenta da tallarta, amma a miƙa mata takarda ta karanta sai ta yi tsuru-tsuru. Daga nan sai a ce ba ta da kai, ko a ce malamin ne ba ya komai. Maigida kuma ya ce to, tunda abin haka ne, ta zauna gida. Sau da yawa kuwa ba kan yarinyar ba ne, kuma ba mugunta ce ta malamin ba. Malamin ne shi kaɗai, ba mai duba aikinsa, ba wanda zai tambaya. Yadda aka koya masa shekaru ashirin da suka wuce, haka yake koyarwa: ya rubuta a allo, ya faɗa, yara su maimaita da ƙarfi, a tashi.

Bari in ɗan bayyana yadda aka tsara abin, don mu san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. A shekarar 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro, mace ko namiji. Kowace jiha tana da hukumar da ke kula da wannan, ita ce ake kira SUBEB, tamu tana Gusau. A ƙarƙashinta kowace ƙaramar hukuma, daga cikin 14 da Zamfara ke da su, tana da ofishin ilimi da sakataren ilimi. Ke nan Maradun da nata, Bakura da nata, Talatar Mafara da nata. Gwamnatin tarayya na ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta don wannan shiri, kuma wani yanki na kuɗin na horar da malamai ne.

To ta yaya ake horar da su? A da, abin da aka fi sani shi ne a kwashi malamai kaɗan a kai su birni, a zaunar da su a babban ɗaki kwana uku ko biyar, a yi musu lacca, a ba su kuɗin mota su dawo. Wanda ya je ya ji, wanda bai je ba shi ke nan. Daga baya aka ga akwai hanyar da ta fi wannan araha, kuma ta fi kusa da aji. Ita ce a haɗa makarantun da ke maƙwabtaka da juna, kamar biyar zuwa goma, su zama rukuni guda. Malamai kan ce da shi kilasta. Ni dai gayya nake kiransa, domin ba shi da bambanci da gayyar noma: yau a taru a gonar wannan, gobe a ta wancan. A zaɓi makaranta guda da ke tsakiya, wadda kowa zai iya isa da ƙafa ko da babur, malamai su riƙa haɗuwa a can lokaci-lokaci.

Kada ki ɗauka zaman shan shayi ne. In an yi shi yadda ya kamata, ga abin da ke faruwa. Malami guda zai tashi ya koyar da darasi a gaban 'yan uwansa, su kuma su zauna kamar ɗalibai. A ce darasin ɗebewa ne, a cire 17 daga 42. Nan ne yara da yawa ke maƙalewa, domin ba a iya cire 7 daga 2, sai malami ya ce a aro ɗaya, yaro kuwa bai san daga ina aka aro ba, bai san me aka aro ba. Sai wata malama daga makarantar gaba ta ce ga yadda take yi. Ta kawo karan dawa ta yayyanka, ta ɗaure goma-goma. Dami huɗu da kara biyu a ware, 42 ke nan. Ta ce wa yaro ya ba ta kara 7. Ba su kai ba. To ya za a yi? Yaron da kansa zai kwance dami guda, na waren su zama 12, ya cire 7 saura 5. Dami uku suka rage, ya cire guda saura biyu. Dami biyu da kara biyar, 25. Yaron da ya kwance damin nan da hannunsa ba zai sake mantawa da ma'anar aro ba. Kin ga ba a sayi komai ba. Kara ne, ga shi nan jibge a bayan gida. Amma malamin da bai taɓa ganin an yi ba, ina zai sani?

Haka yake a wajen karatu. Hausa harshe ne mai sauƙin karantawa, domin yadda ake faɗa kusan haka ake rubutawa. In yarinya ta san sautin kowane harafi, ta san b da a in sun haɗu suna ba da ba, ta kama hanya. Gobe za ta karanta baba, jibi ta karanta tabarma, ba tare da an taɓa nuna mata kalmar ba. Sai a koya mata bambancin masu lanƙwasa, ta rabe bari da ɓari, ta rabe kafa da ƙafa. Wanda ya saba da a faɗa a maimaita, sai ya ga wani malami ya yi wannan a gabansa kafin ya yarda cewa yaro ɗan aji ɗaya zai iya. Bayan darasin gwajin sai a tattauna: nan ka yi sauri, nan ba ka tambayi na bayan aji ba, nan maza kaɗai ka kira ka bar mata. Wannan na ƙarshen yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin yarinya mai kunya tana iya shekara guda a aji ba a taɓa kiran sunanta ba.

An gwada wannan tsari a jiharmu, ba labarin wata ƙasa ba ne. A 2013 aka fara wani shirin inganta malamai da ake kira TDP, da tallafin gwamnatin Birtaniya, a Jigawa da Katsina da Zamfara. Ana tara malaman Turanci da lissafi da kimiyya rukuni-rukuni, har da ba su wayar hannu mai ɗauke da hotunan bidiyo na yadda ake koyar da darasi, malami ya kalla a gida ya gwada a aji. Sannan a ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF, wanda zagayensa na uku ya gudana daga 2012 zuwa 2022, an yi shirin RANA a Katsina da Zamfara tun daga 2015, na koyar da karatu da Hausa a azuzuwan farko na firamare da wasu makarantun Islamiyya. Maƙwabtanmu na Nijar su ma suna da irin nasu zaman malamai, suna kiransa CAPED, malaman ƙauyukan Maraɗi sun san shi sarai.

Kuma in an bi salsala, mu mata ba baƙi ba ne a wannan dabara. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ai haka ta tsara 'Yan Taru. Jaji za ta taso daga ƙauyensu ta je ta ɗauki karatu, a naɗa mata malfa, ta komo ta karantar da matan da ba sa fita. Ba a jira kowace mace ta je Sakkwato ba, ilimin ne aka yi wa hanya ya iso ɗaki.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, a faɗe ta. Da aka auna aikin TDP a ƙarshe, an ga malamai sun gyara yadda suke mu'amala da yara a aji, amma karatun yaran bai tashi yadda aka yi fata ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Malamin da shi kansa bai ƙware a abin da zai koyar ba, zama kaɗan ba ya isar sa. Ajin da ya cika maƙil, ko malamin da ba ya zuwa kullum, ba dabarar da za ta yi aiki a nan. Ga kuma wata cuta: in an saba da kuɗin zama, ranar da masu tallafi suka naɗe tabarmarsu sai taron ya mutu. A ganina gayyar da sai an biya mutum kafin ya zo ta tashi daga gayya ta koma ƙodago. Wadda za ta ɗore ita ce wadda sakatarorin ilimi da shugabannin makarantu suka ɗauka a matsayin aikinsu na yau da kullum, ko da baƙo ko babu.

A nan ne nake son a duba maganar iyaka. Yawanci ana haɗa rukunin makarantu ne a cikin ƙaramar hukuma guda, saboda kowane ofishi da malamansa da takardunsa. Amma ƙauyen da ke bakin iyaka, wata sa'a makarantar da ta fi kusa da shi tana cikin wata ƙaramar hukumar ce. Mutanen yankin nan kuwa tun fil azal a haɗe suke. Madatsar ruwa ta Bakalori, wadda aka gama a 1978 a kan gulbin Sakkwato, ruwanta na shayar da gonakin Maradun da Talatar Mafara da Bakura, bai taɓa tsayawa ya tambayi takardar ƙaramar hukuma ba. Ranar Talata duk a kasuwar Mafara ake haɗuwa. Ana auratayya, yarinyar da aka haifa a Damaga tana iya zama uwargida a Bakura. To me zai hana sakatarorin ilimi uku su zauna su ce ƙwararren malamin lissafi da ke nan ya riƙa zagayawa can, gwanar koyar da karatu da ke can ta riƙa zuwa nan? Me zai hana a shirya jarrabawa iri ɗaya ga 'yan aji uku a ƙarshen zango, a ga makarantar da yaranta suka iya, a je a tambaye ta sirrin? Ba don a kunyata kowa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Masifa ma ba ta san iyakar ba. A shekarar 2021 kaɗai, an sace ɗalibai mata 279 a makarantar Jangebe da ke ƙasar Talatar Mafara a watan Fabrairu, aka sako su a farkon Maris. A watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka kwashi ɗalibai sama da 70 a sakandaren Kaya ta ƙasar Maradun, aka rufe makarantun jihar. Allah Ya kiyaye gaba, Ya jiƙan waɗanda muka rasa a wannan fitina. Iyalai da yawa sun bar ƙauyukansu sun koma garuruwa, yaransu a hannu. Yaron da ya baro makarantarsu a aji uku, in makarantun yankin suna tafiya a kan tsari guda kuma shugabanninsu sun san juna, za a karɓe shi ya ɗora daga inda ya tsaya. In ba haka ba, sai ya koma farko ko ya bari gaba ɗaya. Inda hanya ba ta da aminci kuwa, ba a ce malami ya sayar da ransa don taro ba. A rage girman rukunin, makarantu biyu ko uku na kurkusa su haɗu, sauran a yi ta waya. A Nuwamban 2023 gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Gina aji abu ne mai kyau, amma a tuna da wanda zai tsaya a cikinsa.

Malamai mata su ne suka fi kowa buƙatar wannan haɗuwa. An yi tsarin ɗaukar nauyin 'yan matan karkara su yi karatun NCE, irin wanda ake yi a kwalejin ilimi ta Maru, da sharaɗin su koma su koyar a ƙauye. Yarinyar da ta dawo ta tarar ita kaɗai ce mace a tsakiyar malamai maza, wa za ta kai wa damuwarta? A zaman rukuni ne za ta sami 'yar uwa.

Na san wata za ta ce, to ni da ba na fita, mene ne nawa a ciki? Naki babba ne, 'yar uwa, domin a gabanki ake ganin sakamakon. Ko ba ki yi boko ba kina iya gwada 'yarki. Kada ki ba ta littafin makaranta, wataƙila ta haddace shi. A sa wani ya rubuta mata kalmomin gida a takarda, kamar tukunya, ludayi, murhu, ki ce ta faɗa miki abin da aka rubuta. In ta tsaya tana haɗa sauti ɗaya bayan ɗaya har ta fitar da kalmar, alhamdu lillahi, ana koya mata. In ta kalli sama tana canka, akwai gyara. Ki zube mata 'ya'yan tsamiya ko tsakuwa ki ce ta cire miki 8 daga 23. In 'yar aji uku ce ta kasa, kada ki dake ta, kuma kada ki cire ta. Ki aika.

Wa za ki aika wa? Kowace makaranta ya kamata a ce tana da kwamitin al'umma mai sa ido a kanta, wanda ake kira SBMC, kuma a tsarinsa akwai kujerun mata. Wasu garuruwan suna da ƙungiyar iyaye mata. Ki faɗa wa maigida cikin lalama, ko ki faɗa wa dattijuwar unguwa da ke zuwa zaman, ko malamar Islamiyyarku. A tambayi hedimasta: malaman makarantar nan suna haɗuwa da na maƙwabta? Yaushe rabon da wani ya zo daga ofishin ilimi ya zauna a aji ya ga darasi? In mata goma suka aika da tambaya iri ɗaya, za ta isa kunnen sakataren ilimi.

Wani abu kuma, a roƙi malamai su riƙa sa zaman nasu bayan an tashi ko ranar Asabar. In aka sa shi a lokacin darasi, yara ne ke asarar yinin. In kuma ya kama dole an sallamo su da wuri, uwargida, kada ki ce faɗuwa ta zo daidai da zama ki ɗora mata farantin talla. Ki zaunar da ita kusa da ke ta karanta wa ƙannenta abin da aka yi jiya, kina tankaɗe kina saurare.

Lokaci ya yi mana halinsa. A gaida maigida, a shafa mini kan yara. Sai Allah Ya sake haɗa mu, wassalamu alaikum.