Yadda Ake Gina Rumbun Bayanan Tsofaffin 'Yan Wasan Besbol Domin Wasan Kwamfuta

Manhajar Out of the Park Baseball, wadda Bajamushe Markus Heinsohn ya fara fitarwa a shekarar 1999, tana ba mai amfani da ita damar sake buga kakar wasan besbol ta shekaru ɗari da suka shuɗe a kan kwamfuta. Sai dai manhajar ba ta san kowane ɗan wasa ba face ta alƙaluman da aka ɗora mata. Wannan ne ya sa masu sha'awar tarihin wasan suke gina nasu rumbun bayanan.

Galibinsu suna farawa ne da rumbun da ɗan jarida Sean Lahman ya saka a intanet kyauta, wanda ya ƙunshi manyan gasannin Amurka tun daga 1871. An raba shi zuwa jadawali dabam-dabam: na 'yan wasa, na bugu, na jifa da na ƙungiyoyi. Abin da ke haɗa su shi ne lambar shaidar kowane ɗan wasa. Ken Griffey uba yana da griffke01, ɗansa mai suna iri ɗaya kuma griffke02. Kuskuren lamba guda ya isa ya jingina wa uban bajintar ɗan.

Daga nan sai batun zamani. A 1920 Babe Ruth ya yi bugun da ke fitar da ƙwallo daga fili har sau 54, adadin da ya zarce na kowace ƙungiyar hamayya a gasarsu. Dole a auna shi da takwarorinsa na wancan lokaci, in ba haka ba manhajar za ta ɗauke shi tamkar gwani na yau da kullum.

Aiki mafi wuya shi ne na gasannin baƙaƙen fata, wato Negro Leagues, waɗanda wariyar launin fata ta haifar. Ba a adana sakamakonsu yadda ya kamata ba, don haka masu binciken Seamheads suka riƙa tsinto shi daga tsofaffin jaridu irin su Chicago Defender da Pittsburgh Courier. A Disambar 2020 hukumar MLB ta amince da gasanni bakwai na 1920 zuwa 1948 a matsayin manyan gasanni, kuma da aka haɗe alƙaluman a Mayun 2024, Josh Gibson ya zarce Ty Cobb a matsakaicin nasarar bugu, da kashi 37.2 cikin 100.

Duk da haka giɓi yana nan. Kakar waɗannan gasanni gajeriya ce, kuma wasannin baje-koli da ƙungiyoyin suka riƙa bugawa gari-gari domin samun kuɗin shiga ba sa cikin lissafi. Wasanni kaɗan kan iya kambama ɗan wasa ko su dakushe shi. Mai gina rumbu zai iya cike giɓin da ƙiyasi, amma ya kamata ya ware masa gurbi na musamman, domin irin waɗannan fayiloli suna yawo hannu zuwa hannu, kuma wanda ya karɓa ba shi da hanyar bambance abin da jarida ta buga da abin da wani ya kintata.