Raddi Ga Masu Cewa Iya Magana Baiwa Ce Kawai

Akwai maganar da ta zauna a bakin iyaye har da wasu malamai: wai iya jawabi a gaban jama'a baiwa ce, wanda Allah ya ba shi ya ba shi, don haka ɓata lokaci ne a tsayar da ɗan ƙaramar sakandare yana bitar jawaban manya. Masu wannan ra'ayi suna da hujja. Kowa ya san yaron da bakinsa ke zuba tun yana ƙarami, ya kuma san wanda ko gaisuwa sai an matsa masa. Sai dai tarihin manyan masu jawabi bai goyi bayansu ba.

Demosthenes, wanda ake ɗauka gwanin masu jawabi na tsohuwar Girka, ya taso da nauyin harshe. Marubucin tarihi Plutarch ya ruwaito cewa har tsakuwa yake sa wa a baki yana maimaita magana don harshensa ya saki. Martin Luther King, wanda jawabinsa na ranar 28 ga Agustan 1963 a Washington ya girgiza Amurka, ya riga ya gwada sashen da ya fi shahara a jawabin a birnin Detroit watanni biyu kafin nan. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da muryarsa ta burge duniya ranar 1 ga Oktoban 1960, malamin makaranta ne da ya sha horo a Kwalejin Katsina, ya yi shekaru yana tsayawa gaban aji.

Wasu kuma na cewa irin waɗannan jawabai sun fi ƙarfin yara. Jawabin Abraham Lincoln na Gettysburg a 1863 bai kai kalmomi 300 ba, cikin kamar minti biyu ya gama shi, alhali Edward Everett da ya gabace shi ya shafe awa biyu. Yau na Lincoln ake karantawa. Ɗan shekara goma sha uku zai iya karanta shi a darasi ɗaya, ya gano yadda aka buɗe da tarihi, aka zo kan halin da ake ciki, aka rufe da kira. Daga nan malami ya sa shi ya rubuta nasa jawabin kan tsaftar unguwa ko zuwa makaranta da wuri, bisa wannan tsari, ya tashi ya gabatar, abokansa su faɗa masa inda ya yi sauri da inda murya ta dushe.

Baiwa takan sa wani ya riga wani, amma tsari, numfashi da haɗa ido da masu sauraro duk koyon su ake yi. Shugabannin makarantu, ku ware wa yara ko da darasi ɗaya ne a mako, kuma kada ku bar shi ga 'yan ƙungiyar muhawara kaɗai.