Raunin babban hanji: ɗinki ko kolostomi a asibitin gunduma irin na Dakwaro

1. Gabatarwa

A wannan ƴar takarda muna son mu duba shawarar da likitan tiyata yake yankewa in wuƙa, ko harsashi, ko ƙahon sa ya huda babban hanji. Hanya biyu ce: ko a ɗinke hanjin nan take, ko a fito da bakinsa ta fatar ciki don kashi ya riƙa fita ta nan, abin da ake kira kolostomi.

2. Yadda ra'ayi ya canza

A lokacin yaƙin duniya na biyu, Ogilvie, likitan sojan Ingila, ya dage a kan kolostomi. A 1943 rundunar Amurka ta mai da shi doka. A 1979, Stone da Fabian, a Atlanta, suka gwada hanyoyin biyu, suka ga waɗanda aka yi wa ɗinki sun fi tsira daga ruɓar ciki. Sai dai sun ware duk wanda jininsa ya faɗi, ko kashi ya malale masa a ciki sosai, ko ya wuce awa 8 kafin aiki. A 2001, binciken Demetriades a kan majiyyata 297 ya nuna cewa ko an yanke wani sashe na hanjin, haɗa shi bai fi kolostomi haɗari ba. Abin da ke jawo matsala shi ne yawan ƙazanta, da ƙarin jini leda 4 ko fiye, da dogara ga maganin ƙwayoyin cuta iri ɗaya tak.

3. Halin Dakwaro

Daga Dakwaro zuwa Maraɗi kusan kilomita 120 ne, makiyayin kwarin Tarka kuwa sai ya fara isowa Dakwaro tukuna. Saboda haka jinkiri da ƙarancin jini su ne suka fi tura likita ga kolostomi. Amma nauyinsa a ƙauye ba kaɗan ba ne: ledar tara kashi tana wuyar samu, alwala da shiga jama'a suna zama abin damuwa, ga aiki na biyu da kuɗinsa.

4. Kammalawa

A ganinmu, ɗinki shi ne asali. Kolostomi na wanda jininsa ya ƙi daidaituwa ne, ko wanda hanjinsa ya kumbura har ba zai riƙe zare ba. Jinkiri kaɗai bai isa hujja ba. Abin da ido ya gani bayan buɗe ciki shi ne alƙali.