Kada Ka Kashe Ƙararrawar RAID

Duk mai kula da sabar Linux ya buɗe /proc/mdstat yau, kada ya bari sai gobe. In ka ga UU, faifai biyun RAID 1 suna lafiya. In ka ga U_, ɗaya ya faɗi, amma sabar za ta ci gaba da aiki shiru, ma'aikata na ta adana fayil, alhali komai na rataye a kan faifai guda.

Abin da ya fi damuna shi ne manhajar sa ido. Wasu an rubuta su ne don su ƙirga haruffan U ɗin kawai. Ranar da aka ɗauke wuta, jerin faifan ya tashi a matsayin inactive, layin haruffan U ɗin ba ya fitowa sam, sai manhajar ta rikice ta ce ba ta san halin da ake ciki ba. Mai kula ya ce ai matsalar manhaja ce, ya kashe saƙon. Wallahi wannan ganganci ne! Mai gadin da ya ce maka bai san ko an kulle ƙofa ba, ai tashi za ka yi ka duba.

Leƙa mdadm.conf ka ga ko akwai MAILADDR, kuma ko mai adireshin yana wurin aikin har yanzu. Gwada da mdadm --monitor --scan --test --oneshot. In saƙo bai iso ba, gyara shi nan take.

In ka tarar faifai ya riga ya faɗi, fara kwashe bayanan zuwa wani wuri kafin komai. In RAID 5 ne kuma, shi ma faifai ɗaya kaɗai yake iya rasawa, sake gina shi kuwa na tilasta karanta sauran faifan daga farko har ƙarshe, kuma galibi rana ɗaya aka sayo su, tare suka tsufa. A nan na biyu kan mutu. Duba su da smartctl, musamman lamba 5 da 197 a rahotonsa. Tabbatar da lambar jikin faifan kafin ka zare shi, don kada ka cire mai lafiyar.

Kuma don Allah, kada ka buga mdadm --create a kan jerin da ya ƙi tashi, domin yana rubuta sabon bayanin tsari a kan tsohon. Yi --examine ka gwada ƙidayar Events ta kowane faifai, kwafe faifan da ddrescue, sannan ka jarraba --assemble --force a kan kwafin.